FASHIN BAƘI: Yadda birki ke tsinkewa a tsohuwar Peugeot 504, da dalilin tsadar gyaransa

Kusan duk rahoton haɗarin mota da ake bugawa a Najeriya, akwai jimla ɗaya da ke yawan rufe shi: birki ne ya tsinke. Da zarar an faɗi haka sai a yi addu'a, a ƙirga gawarwaki, a wuce. Jimlar tana sa mai karatu ya ɗauka cewa wani abu ne ya faɗo wa direban daga sama, alhali a mafi yawan lokuta birki yakan daɗe yana ba da sanarwa kafin ya ƙi aiki. Yakan yi laushi, ya yi ƙara, ya riƙa shan mai, ko ya riƙa fizgar mota gefe guda. Abin da ke faruwa tsakanin wannan sanarwa da ranar haɗari, galibi magana ce ta kuɗi: nawa ne gyaran, wa zai biya, kuma wane irin kaya aka ɗaura.

Babu motar da ta fi dacewa a yi wannan bayani a kanta kamar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. A Turai ta shiga sahun motocin tarihi da masu sha'awa ke adanawa, suna fitowa da su ranar hutu. A nan kuwa har gobe akwai wuraren da take ɗaukar fasinja da buhunan hatsi ranar kasuwa.

Motar da Kaduna ta haɗa

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta shekarar 1969. An ƙera fiye da miliyan 3 kafin a daina. Ta yi suna wajen juriya a kan hanyoyi marasa kyau, har ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci a ƙarshen shekarun 1970, sai 504 ta zama motar gwamnati, tun daga manyan jami'ai har zuwa ma'aikatan da ke karɓar bashin mota.

Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ma'anar wannan ita ce, mafi ƙuruciyar 504 da ke kan titi a yau ta kai kimanin shekara 20, kuma da yawa sun haura 40. Ƙungiyar masu adana tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi. Da wannan ma'auni, tashoshin mota da dama a Arewa da Jamhuriyar Nijar gidajen tarihi ne da ba su san kansu ba.

Abin da ke faruwa idan an taka birki

Birkin 504 na mai ne. Idan direba ya taka, ƙafarsa tana tura fistin a cikin wani bututun ƙarfe da kanikawa ke kira masta, shi kuma ya tura man birki cikin siraran bututai zuwa ƙafafun motar huɗu. Ruwa ba ya matsuwa kamar yadda iska ke matsuwa, don haka ƙarfin da aka sa a wannan ƙarshe yana isa wancan ƙarshe. A ƙafafun gaba, man yana tura fistin da ke cikin kalifa, ya matse fad biyu a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. A baya kuwa ya danganta da samfurin motar. Wasu suna da faifai a duk ƙafafu huɗu, wasu kuma, musamman doguwar nan mai ɗaukar iyali da akori-kura, gangar ƙarfe ce a baya, wadda ake kira diram, da takalman birki biyu da ke buɗewa su goge ta daga ciki.

Tsakanin ƙafar direba da masta akwai wata ƙatuwar gwangwani mai zagaye, sabo. Tana amfani da zuƙar iskar inji ta ninka ƙarfin ƙafa. A can baya kuma akwai wani ɗan bawul da ke auna nauyin da ke kan motar, ya rage ko ya ƙara ƙarfin birkin baya, domin kada tayoyin baya su ƙame mota ta juya da gindi. Wannan bawul yana cikin abubuwan da aka fi mantawa da su. A tsofaffin motoci da yawa tsatsa ta riga ta kama shi, ko wani bakanike ya cire shi tun da daɗewa ya haɗa bututu kai-tsaye.

Duk aikin birki shi ne mayar da gudu zuwa zafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane daƙiƙa guda. Idan aka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai haɗiye da tazarar da mota za ta ci kafin ta tsaya suna ninkuwa sau huɗu. Nauyi ma yana da nasa lissafin: motar da aka yi wa lodin mutum goma da kaya a saman rufi tana neman birki ya yi aikin da ba a tsara shi ya yi ba.

Hanyoyin da birki ke mutuwa

Abin da ake kira tsinkewar birki ba ciwo ɗaya ba ne, kuma ƙafar direba takan iya bambance su.

Na farko shi ne yoyo. Robobin da ke cikin masta, da kalifa, da ƙananan silindojin baya suna tsufa, su taurare, su tsage. Tiyon roba da ke haɗa jikin mota da ƙafafunta yana fashewa. Bututun ƙarfe yana yin tsatsa daga waje, musamman a wuraren da laka ke maƙalewa. Idan mai ya zube, sai ƙafa ta tafi ƙasa babu tirjiya. Tsofaffin motoci na can baya layin mai ɗaya gare su, yoyo a wuri ɗaya yana kashe birkin duka. Daga ƙarshen shekarun 1960 ne aka fara tilasta raba layin biyu, Amurka na kan gaba, ta yadda idan ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe. Mai tsohuwar mota ya kamata ya san wanne gare shi, kuma ya sani cewa raba layi ba ya amfani idan rabin ya daɗe da mutuwa ba a lura ba.

Akwai yoyon da ba a gani a ƙasa. Masta kan iya zubar da mai ta baya zuwa cikin gwangwanin sabo, kofin mai yana raguwa kullum, ƙasan mota kuwa a bushe. Robar cikinsa kuma kan iya sakin mai ya koma baya maimakon ya tafi ƙafafu. Alamar wannan ita ce, idan aka taka birki aka riƙe a tsaye, ƙafa za ta riƙa nutsewa sannu a hankali.

Na biyu, kuma wanda aka fi raina shi, shi ne tafasar mai. Man birki iri-iri ne, kuma an rubuta ajinsa a jikin gora. Sabon mai ajin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Sai dai waɗannan mayuka suna tsotsar danshi daga iska, ko da ba a buɗe murfi ba. Idan ruwan da ke ciki ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya faɗi zuwa digiri 140 ga DOT 3, da 155 ga DOT 4. A kan doguwar gangara, zafin kalifa yana iya wuce nan. Man ya tafasa, ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai direba ya taka ya ji kamar ya taka soso. Abin da ke sa wannan ciwo yaudara shi ne, bayan motar ta huce birkin yakan dawo kamar babu abin da ya faru, har bakanike ya duba ya ce lafiya lau. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a juye man gaba ɗaya duk shekara biyu. Ƙara mai a kan tsoho ba juyewa ba ne.

A nan ne wata mummunar dabara ta wasu direbobin haya ke shigowa, ta zuba ruwan omo a madadin man birki. Yana tura fistin, gaskiya ne, kuma mota za ta tsaya a cikin gari. Amma ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma yana cin ƙarfen masta da silinda daga ciki. Haka nan man inji ko man giya, idan ya shiga layin birki, yana kumbura duk robobin da ke ciki, sai an canza su baki ɗaya.

Na uku shi ne ƙonewar fad. Idan zafi ya yi yawa, fuskar fad ko takalmin birki tana daina kamawa. A nan ƙafa tana jin tauri kamar kullum, amma motar ba ta rage gudu, kuma ana jin ƙaurin ƙuna. Jabun fad ya fi saurin yin haka, wani ma fuskar kan ɓalle daga jikin ƙarfenta.

Na huɗu shi ne mutuwar sabo. Idan tiyon da ke kawo masa zuƙar inji ya tsage, ko inji ya mutu, birki bai tafi ba, amma yana zama kamar dutse, sai an danna da duk ƙarfi. Wannan ya sa al'adar kashe inji ko sa mota a firi a kan gangara, don a tsimin fetur, take da hatsari ninki biyu: an rasa riƙon da inji ke yi wa mota, kuma idan an kashe shi, bayan taku biyu ko uku taimakon sabo ya ƙare. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024, dalilin da ke jan direba zuwa wannan dabara ya ƙaru. A wurare irin su Hawan Kibo a Jihar Filato ko gangaren Kugbo a hanyar Abuja zuwa Keffi, tsimin rabin lita ba ya biyan abin da ake sa wa a caca.

Sai kuma gyaran da shi kansa ciwo ne. Idan silindar baya ta fara yoyo kuma babu kuɗin sabuwa, akwai masu toshe bututun wannan ƙafa da ƙusa, ko su naɗe shi su daddatse. Yoyo ya tsaya, mota ta koma aiki da ƙafa uku ko biyu. A gudun cikin gari ba a jin bambanci. Ranar da aka yi birkin gaggawa a kan babbar hanya ne motar ke fizgewa gefe.

Idan abin ya faru ana cikin tafiya

Daƙiƙun farko ne ke da daraja. Direba ya ɗauke ƙafa daga totur, ya riƙa taka birki da sauri-sauri yana saki, domin a mota irin 504 hakan kan iya tara ɗan matsin da ya rage. Idan ƙafar ta yi tauri ne ba laushi ba, to sabo ne ya mutu, maganin shi ne ya danna da ƙarfinsa duka ya riƙe. A lokaci guda ya riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, daga huɗu zuwa uku, daga uku zuwa biyu. Tsallakawa zuwa ƙaramar giya ana cikin babban gudu kan iya ƙamar da tayoyin baya, tunda su ne ke tura motar, sai ta juya.

Birkin hannu yana aiki da waya ne, ba da mai ba, don haka yakan rayu idan na ƙafa ya mutu. Amma ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, kuma ana ɗaga shi ne a hankali, yatsa na danne da maɓallin, domin a iya sassautawa idan tayoyi suka fara jan ƙasa. Kada a murɗa makulli a kashe inji, balle a zare shi, saboda sitiyari kan iya kullewa. A kunna fitilun gargaɗi, a riƙa danna ham. Idan duk wannan bai isa ba, sai a nemi abin da zai ci gudun a hankali: hawa, yashi, ciyayi, ko goga gefen mota a jikin shingen titi. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122. Motar da birkinta ya taɓa tafiya ya dawo, janta ake yi zuwa gareji, ba a ƙarasa tafiya da ita.

Daga ina tsadar take?

A takarda, birkin 504 yana cikin mafi sauƙin gyara. Babu kwamfuta, babu na'urar hana tayoyi ƙamewa, kuma da wuya a sami gari a Arewa da babu tsohon bakanike da ya san ta ciki da waje. Kuɗin hannu a Najeriya bai kai na Turai ba ko kusa, inda ladan awoyin aiki ke cinye mafi yawan kuɗin gyaran tsohuwar mota. A nan kayan gyara ne ke cin kuɗi.

Dalili na farko shi ne canjin kuɗi. Kusan duk wani muhimmin abu na birki shigo da shi ake yi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma; a 2024 ta haura 1,500. A ɗauki misali da wani kaya da kuɗinsa dala 50 ne a waje. A tsohon farashi naira 23,000 ke nan, a na 2024 kuwa 75,000, tun kafin a sa kuɗin jirgi, da na kwastan, da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Mutumin da ke riƙe da 504 don ba shi da halin sayen wata, shi ne wannan lissafi ya fi dannewa.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin kaya. Da aka daina haɗa motar, sai buƙata ta ragu, masu ƙera kaya masu inganci suka rage yi, gurbin ya cika da na masu kwaikwayo. Mai neman kayan birki a Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Nkwo a Nnewi, yana da zaɓi uku, kowanne da nasa tarkon. Akwai sabon kaya na asali da ya daɗe a ajiye. Ƙarfensa lafiya lau, amma robar da ta shekara 20 a kan kanta ta tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Akwai sabon kaya na wasu kamfanoni, wanda ya haɗa da mai kyau sosai da kuma jabu tsantsa, wani lokaci a cikin kwali iri ɗaya. Sai na Beljiyam, wato wanda aka kwance daga wata motar. Ga ƙofa ko fitila ko gilashi, na Beljiyam ciniki ne mai kyau. Ga masta, da tiyo, da fad, sayen tsufan wani ne, tunda 504 ɗin da aka kwance su daga jikinta sa'ar wadda za a ɗaura wa ce, ko ma ta girme ta.

Dalili na uku shi ne yadda gyaran ke haihuwa. An shiga gareji don fad, sai a tarar fistin ɗin kalifa ya kama da tsatsa, shi ne ma ya cinye fad ɗin gefe guda. An zo cire iska, sai ɗan kusoshin da ake buɗewa ya karye a ciki. An zo canza tiyo, sai bututun ƙarfen ya murɗe ya tsage. An sa sabon masta, matsi ya dawo yadda ya kamata, sai silindar baya da ta daɗe tana lallaɓawa ta fashe. Mai mota yakan ɗauka bakanike ne ke neman ƙarin kuɗi, wani lokacin kuma haka ne, amma a motar da ta shekara 30 dukan sassan layin mai sa'o'in juna ne, kuma tare suke tsufa. Masu gyaran motocin tarihi sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan: idan ba a san tarihin birkin mota ba, a sabunta duk abin da ke da roba a lokaci ɗaya. Kuɗin yana da nauyi a rana guda, amma ya fi sauƙi a kan zuwa gareji sau biyar, kowane zuwa da sabon mai da sabon ladan aiki.

Idan aljihu ba zai ɗauki duka ba, akwai tsari. Yoyo da tiyo da masta su ne farko, domin su ne ke kashe birki baki ɗaya. Juye mai ya biyo baya, kuma shi ne mafi arha a cikin jerin. Sannan fad da takalma, waɗanda ake canzawa hagu da dama tare, ba gefe ɗaya ba. Faifai yana da iyakar kaurin da kamfani ya ƙayyade, galibi a rubuce a jikinsa; wanke shi a injin ƙira ya halatta muddin bai sauka ƙasa da wannan iyaka ba. Silinda ko kalifar da cikinta ke da sulɓi ana iya sa mata sababbin robobi, wadda tsatsa ta ɓula kuwa za ta cinye sabuwar roba cikin makonni. Bututun birki ba a yi masa walda ko faci, sabo ake yankawa a yi masa baki. Fenti da kujeru da rediyo su jira. Taya kuwa ba ta jira, domin ita ce ke taɓa ƙasa. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Kafin biyan kuɗi, mai mota na iya yin gwaji biyu da kansa. A kashe inji, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri, a riƙe, a tayar da mota; idan sabo na aiki, ƙafa za ta ɗan nutse. Sannan a danna a riƙe na kusan rabin minti. Idan ta ci gaba da tafiya ƙasa, aiki bai ƙare ba. Yana da kyau kuma ya nemi a ba shi tsofaffin kayan da aka cire, da rasit mai sunan kaya.

Akwai wani farashi da bakanike ne ke biyansa da huhunsa. Tsofaffin fad da takalman birki ana yin su ne da asbestos, ma'adanin da ƙurarsa ke haddasa cutar daji shekaru bayan an shaƙa. Faransa ta haramta shi a 1997, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005. Tsohon kaya da ke ajiye, da wasu masu arha daga ƙasashen da ba su hana ba, suna iya ɗauke da shi. Yaron gareji da ke hure ƙurar diram da baki ko da iskar famfo ba shi da labarin haka. Jiƙa wurin a goge da tsumma shi ya fi.

Ina hukuma a ciki?

Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa tsinkewar birki cikin musabbaban haɗari a alƙalumanta, ko da yake gudun wuce sa'a ne ke kan gaba kusan kullum. Raba su biyu yana da ɗan ruɗi, domin gudu da lodi su ne ke tura birki mai rauni ya kai iyakarsa. Abin da alƙaluman ba sa nunawa shi ne mataki na gaba: wane sashe ne ya mutu, wa ya sayar da shi, wa ya ɗaura, kuma wa ya sa hannu cewa motar ta cancanci hawa titi.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi ciwo. Doka ta tanadi takardar shaidar lafiyar mota, wadda ofisoshin binciken ababen hawa na jihohi ke bayarwa, kuma birki na cikin abin da ya kamata a gwada. Masu motoci da yawa sun san cewa ana iya sabunta takardu ta hannun ɗan aike, motar tana ajiye a gida. Idan aka kai nan, takardar ta koma haraji kawai. Legas da wasu wurare sun kafa cibiyoyin gwaji da na'ura, inda ake ɗora ƙafafun mota a kan abin juyawa a auna ƙarfin kamun kowace taya, gwajin da zai tona asirin bututun da aka toshe da ƙusa cikin minti ɗaya. A Oktoban 2024 kuma wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an binciken ababen hawa ba su da hurumin tare motoci a kan hanya, ko kama su, ko cin tarar direbobi. Jama'a sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma hukuncin ya ƙara nuna cewa wurin gwada birki shi ne cibiyar gwaji kafin a ba da takarda, ba bakin titi ba.

Ingancin kayan da ke shigowa aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ne, SON, wadda ke da tsarin tantance kaya tun daga ƙasar da aka ƙera su. Wanda aka sayar wa jabu kuma yana da damar kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ƙarƙashin dokar 2018, sai dai ƙara ba ta tafiya babu rasit, ciniki a kasuwar kayan gyara kuwa yawanci da baki ake yinsa.

Inshora ma ba ta rufe wannan rami. Inshorar dole, wadda aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3, amma ba ta biyan gyaran motar mai ita. Ko cikakkiyar inshora ba ta ɗaukar lalacewar da tsufa ya jawo.

A ƙarƙashin duka akwai tarihin masana'antu. Najeriya ta taɓa samun Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan da Mercedes a Inugu, da ƙananan kamfanoni da ke yi musu batir, gilashi, kujeru da tayoyi. Karyewar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da kwararowar motocin Beljiyam, da juya bayan da gwamnati ta yi wa motocin gida, sun durƙusar da yawancinsu. An sayar da hannun jarin gwamnati a PAN a 2006, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe shi a 2012, aka sake sayar da shi a 2020. Michelin da Dunlop sun rufe masana'antunsu na taya a ƙasar kafin 2010. Direban da ke tsaye a Panteka yana juya kwalin fad a hannunsa, yana ƙoƙarin gane na gaske da jabu, tsakaninsa da masana'antar da ta haɗa motarsa 'yan kilomitoci ne kawai.